Ruwan Rakiya

Da sunan Allah nake farawa, kamar yadda na saba.

Zuwa ga autata Balkisa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Yamai lafiya, mota ba ta jijjiga miki ƙashi da yawa ba, kuma ba ki manta ƙunshinki a tasha ba yadda kika manta takalmanki ran sunan ɗan yayarki. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa ruwan garin ya karɓe ki. Na cusa takardar ƙarƙashin ƙuli-ƙuli don na san nan hannunki zai fara zuwa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Maganar ranar Laraba ce. Ina tankaɗe, kina ninke kayanki, na ce Allah ya kai ki lafiya, sai kika ce a hankali, kamar da zanen hannunki kike magana: "Inna, in akwai shi." Ƙwarya ta suɓuce mini, gari ya watse, kaji suka samu biki. Ban ce komi ba, ke ma ba ki ƙara ba. Tun daga nan kina gaishe ni kina kallon ƙasa, kina ɗaukar tuwonki ki shige ɗaki. Na san abin da kike zato. Kin ce Inna ta yi fushi, ta fitar da ni daga ranta. Kuma na san halinki, don nawa ne kika kwaso: in kika tafi da wannan zato, gaisuwarki za ta riƙa zuwa ta bakin mutane, hutu ya zo ki ce karatu ya yi yawa, shekara ta bi shekara, mu wayi gari mun zama baƙin juna. Wannan nake tsoro, ɗiyata, fiye da maganar da kika faɗa. Tun ina yarinya bakina bai iya magana ba, sai dai hannuna. To zauna, ci ƙuli-ƙulinki, ki ji.

Kin sha jin mutanen garinmu, in aka yi yayyafin da bai jiƙa ƙasa ba, suna cewa "wannan ai ruwan Rakiya ne." Kin taɓa tambayata wace Rakiya ce, na ce miki wata tsohuwa ce ta da can. Ƙarya na yi miki. Ni ce.

Daminar da aka ba mu ƴancin kai ne, ina da shekara goma sha huɗu ko sha biyar. Mu uku ne ƴan mata a lakol ɗin garinmu, wato makarantar boko, rumfar zana ce kawai a bakin hanyar Cadakori. Malaminmu, da muke kira Mushe, mutumin Dahome ne, Kirista, dogo, mai yawan dariya. Matarsa, Madam, tana da wani akwati cike da ƙananan littattafan soyayya na Faransanci masu hotuna. Ta ga ba ni da surutu, kullum ina rakuɓe a gindin gawo, sai ta fara ara mini. Balkisa, na lalace! Ina daka ina tunanin wani mai gashin baki da zai sauko daga jirgin ƙasa ya kira sunana, ni da ko hayaƙin jirgin ƙasa ban taɓa gani ba. Tuwo ya sha ƙonewa a hannuna. A cikin littattafan nan komi yana zuwa kan lokacinsa. Yarinya ta yi kuka, ruwa ya sauko a tagar ɗakinta. Ta fid da rai, wasiƙa ta iso. Shafin ƙarshe ba ya barin kowa da tambaya. Na ɗauka haka duniya take, na kuma ɗauka haka Allah yake aikinsa.

Wanda ya fi kowa sanin inda hankalina yake tafiya shi ne kakana Nomau, uban babana. Ba ki riske shi ba. Gajere ne, baƙi, ƙafarsa duk faso, ba ya kirana sai "amarya". Ran da Mushe ya ɗaga sabuwar tuta gaban lakol, Kaka ya daɗe yana kallon da'irar nan ta tsakiya, ya ce mi ce ce wannan. Aka ce masa rana ce. Ya ce: "Rana! Ita muka rasa a ƙasar nan? Ba wanda ya yi tunanin zana hadari?" Haka yake. Liman kansa ba ya iya riƙe dariya in yana wuri.

A shekarar Mushe ya kafa wani abu bayan lakol, gwangwani mai mazurari bisa sanda, na auna ruwan sama. Kowace safiya a juye abin da ya taru cikin wata kwalba mai zane-zane, a duba inda ya kai, a rubuta a kaye, wato littafin rubutu, ƙarshen wata a aika ofishin gwamnati a Maradi. Da yake gidanmu ne kusa, kuma ba ni da ɓarna, ni ya ba aikin. Ranar da ya kafa shi ya sa aka hura wuta, ya tafasa ruwa a tukunya, ya riƙe faranti bisa tururin, muka ga ɗigo yana taruwa yana faɗowa. Ya ce: "Ga ruwan sama nan. Rana ta ɗaga shi daga teku, iska ta turo shi, sanyi ya sauko da shi." Yara suka yi tafi. Ni kuwa ban yi ba. Na ce a raina, in rana da iska da sanyi sun gama aikin, to a ina Allah yake sa hannu?

Tambaya ɗaya ta jawo ƴar'uwarta. Gonar Kaka tana iyaka da ta wani tsoho, Ranau, cikin Annan nan da ba su salla, masu yanka wa iskokin gidansu. Abokin Kaka ne tun suna kiwon awaki. Sai na riƙa kallonsu su uku: Kaka da butarsa, Ranau da jan zakaransa, Mushe da ɗan gicciyensa a wuya. Kowannensu mutumin kirki, kowannensu hankalinsa kwance cewa nasa ne daidai. Da a gidan Ranau aka yanke mini cibi, da yanzu ina riƙe masa zakara. Da a Dahome ne, da ina waƙa ran Lahadi. To me ya sa nawa ne gaskiya? Don kawai ta wannan zauren aka shigo da ni duniya?

Kuskurena na farko, na haɗiye tambayar. Ban faɗa wa kowa ba. Na daina cin abinci sosai, wuyana ya yi tsawo, idona ya faɗa. Innata ta ce iska ce, aka turara ni da hayaƙi har na yi ta tari. Gwaggona ta ce so ne, ta bi samarin gari da harara ɗaya bayan ɗaya, har da wani bawan Allah da bai san sunana ba. Na sha rubutu kamar fura. Duk gida aka tashi ana maganin ciwon da ba shi nake ba, ni kuma ina kwance ina jin ni kaɗai ce a duniya da wannan abu ya taɓa shiga ranta. Balkisa, tambaya ba ta kashe mutum, amma ɓoye ta tana cin nama. Ke kin fi ni, kin buɗe baki. Kada shiruna na ranar Laraba ya koya miki rufe shi.

Kin san binne, kin yi shi da ƙafarki: a zuba hatsi cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, don ruwan farko ya tarar da iri yana jira. Kaka ba ya fashin binne. Shekarar nan ya yi, muka zauna jira. Mako ɗaya, biyu, uku. Hadari ya taso, ya yi baƙi, ya yi rugugi kamar da gaske, iska ta kwashe shi. Wata la'asar kuwa ya sauka, amma gabas da mu. Ya jiƙa gonar Ranau sharkaf, ya tsaya ƴan taku kaɗan daga gambar da ke kan iyaka. Na je da ƙafata na gani. Nan laka, nan ƙura. Mai salla biyar yana ƙura, mai zakara yana laka. Na dawo gida da wannan ma na ɗora kan sauran.

Sai gari ya fita roƙon ruwa. Maza suka juya rigunansu bai-bai, mata suka daka gumbar sadaka, aka tafi filin idi da rana tsaka, yara da tsofaffi har da awakin da suka biyo mu. Na ga Kaka ya durƙusa kan yashi mai zafi da gwiwoyinsa masu ciwo. Ni kuma a bayan sahu na ƙulla tawa yarjejeniya, irin ta littattafan Madam. Na ce: "In kana nan, gobe da safe in tarar da ruwa a gwangwani. Ba na son mafarki, ba na son alama, ruwa nake so wanda za a rubuta a kaye." Na ba Ubangiji wa'adi, ni Rakiya, da ɗan kwalina a karkace.

Da gari ya waye an ɗan yi yayyafi, irin wanda ke zana ƙananan ramuka a ƙura ya wuce. Na ruga lakol tun kowa bai zo ba. Na leƙa gwangwani. Ko gindinsa bai rufe ba.

Na tsaya ina kallonsa. Kin san abin da na ji? Ba fushi ba. Tausayi na ji, da kunya. Tausayin gwiwoyin Kaka. Kunyar Mushe, don na riga na zana shi a kaina yana duba kaye yana ɗaga gira, yana cewa a ransa, ga abin da addu'arsu ta kawo. Har Allah na ji wa kunya, astagfirullah, kamar baƙon da aka yi wa shimfiɗa bai zo ba, kana neman abin da za ka faɗa wa mutane. Ga gorar ruwana a hannu. Na duba gabas, na duba yamma, na tsiyaya. Na ga bai yi yawa ba, na ƙara. Na ce tunda an fara, bari dai ya yi kyau, na ƙara. Na juye a kwalba, na rubuta lambar da kyakkyawan rubutu, har da ja mata layi. Lambar nan, ɗiyata, ta ruwan da ke rushe katanga ce.

Mushe ya zo ya buɗe kaye. Ya dubi lambar. Ya dubi ƙurar da ke kan takalminsa. Ya ɗaga kai ya dubi sama, fes, ko gajimare babu.

"Rakiya, wannan ruwa duk cikin gwangwani ya sauka?"

Na ce: "I, Mushe."

Ya ɗaga kwalbar ya haska ta a rana. Na manta jiya da fura na zo a gorar, ban ɗauraye ta sosai ba. Ruwan ya yi fari-fari, har da ɗan gari a kwance. Ya sansana, ya ce: "Ikon Allah. A garinku ruwan sama da fura yake saukowa? Gobe ku roƙa mana da nono."

Rumfar lakol ta kusa faɗuwa don dariya. Kafin azahar labari ya kai bakin rijiya, kafin ran kasuwa ya kai Tibiri. Ruwan da ya cika takarda bai jiƙa ƙasa ba. Ga asalin sunan da kike ji.

Da aka tashi Mushe ya tsayar da ni. Na miƙa hannu don bulala, ya ce in sauke. Ya tambaye ni dalili. Ina kuka na ce don kada ya ce addu'armu ba ta ci ba. Sai ya ce: "Ni ma jiya na roƙa, a ɗakina, da harshen garinmu. Nawa ma bai zo ba. Goge, ki rubuta abin da kika gani." Na goge na rubuta ɗigon da na gani.

Wannan ne kuskurena na biyu, kuma shi na fi so ki riƙe. Kada ki yi ƙarya don ki taimaki Allah. In yana nan, ba ya bukatar ruwan gorarki. Kada kuma ki yi ƙarya don ki kā da shi. A Yamai za ki tarar da masu tsiyaya ruwa a gwangwani ta kowane gefe: wani zai ƙirƙiro miki abin al'ajabin da bai gani ba don ki yi imani, wani zai nuna miki ya san abin da bai sani ba don ki bari. Ki sansana kwalbar kowa. Ke dai ki rubuta abin da kika gani, ko ɗigo ne.

Bayan wannan abin kunya sai na juya gaba ɗaya. Na ce ai na gwada, ba a amsa ba, magana ta ƙare. Ina tsayawa salla bayan Innata don kada a gane, amma ina ruku'u ina tunanin mai gashin baki. Abin da ya fi muni, na fara raina mutane. In na ga tsohuwa tana jan carbi sai in ce a raina, baiwar Allah, ba ta san zancen tururi ba. Ƴar shekara sha biyar da ta karanta littafin soyayya ashirin da tukunya ɗaya ta ruwan zafi, na zama mai ilimin gari.

Yayyafin nan kuwa ɓarna ya yi. Ya tada irin da aka binne, rana ta ƙone shi, abin da ya rage ɓeraye suka tone. Sai an sake. Kaka ya buɗe rumbu ya ɗebo cikin ɗan irin da ya saura, ya ce in biyo shi. Yana gaba da sungumi yana sara, ina baya ina jefa iri ina rufewa da diddige. Ƙasa kamar toka.

Ya waiwayo ya ce: "Amarya, yau ba ki zo da gorar ba? Da kin yi mana ruwa mun huta."

Ban san lokacin da magana ta fito ba. Na ce: "Kaka, don mi kake ɓarnar iri? Wa ya ce maka akwai mai jin ka?"

Na rufe ido ina jiran mari, ko sama ta faɗo. Ko ɗaya bai faru ba. Da na buɗe, ya dogara da sungumi yana kallona, kansa a karkace.

"Ashe abin da ke cin amaryata ke nan. Ni ina nan ina wasa sanda, na ɗauka wani saurayi ne zan je in fasa wa kai. To faɗi, ina ji."

Na zazzage masa duka. Tukunyar Mushe, zakaran Ranau, ruwan da ya tsaya a gamba, wa'adin da na bayar. Daga ƙarshe na faɗi wanda ban taɓa faɗa wa ko kaina ba. Ƙanena Sani, da ƙyanda ta ɗauke bazarar da ta wuce, yana da shekara uku, yana riƙe da yatsana. Na ce: "Duk gidan nan mun roƙa. Mi ya yi wa wani?"

Kaka ya dubi ƙasa. Ya ce: "Na Sani ba ni da amsa. Ni na haƙa masa kabari, kuma ina haƙa ina tambaya." Ya share fuska da hularsa. "Shekarar wata yunwa, ina saurayi, na yi wata biyu goshina bai taɓa ƙasa ba. Fushi nake."

Na zaro ido. "Kai, Kaka? Sai mi ya faru?"

"Ba abin da ya faru. Kin ɗauka an aiko mini mala'ika da takarda? Wata safiya dai na tashi na ji ina kewa, kamar yadda nake ji in mun yi faɗa da Ranau mun kwana biyu ba mu gaisa ba. Na ɗauki buta."

"To yanzu ka tabbata?"

"Wata rana na tabbata har in ji kamar in miƙa hannu. Wata rana shiru. Duka biyun ina zuwa gona."

"Ruwan Ranau fa?"

"Na ji daɗinsa mana! In tawa ba ta yi ba, gidan wa kike zaton za mu ci tuwo? Ke, jefa iri, rana tana yi. Ramin nan uku kika tsallake, malama mai tururi."

Bai ce kada in sake faɗa ba. Bai kai ni gaban liman ba. Bai gaya wa babana ba, har ya koma ga Allah. Muka gama layinmu muka dawo, yana tsokanata duk hanya, ni kuwa ina jin kamar an sauke mini tulu daga ka. Daren nan na cinye tuwona har na lashe kwano, Gwaggo ta ce rubutun malam ya yi aiki.

Kuskure na uku ke nan, rainin nan. Tsohon da na ɗauka bai taɓa tunani ba, ya riga ni isa inda nake da shekara hamsin, ya zauna a wurin wata biyu, ya san kowane dutse na hanyar. Za ki yi karatun da ba wanda ya taɓa yi a zuriyarmu, kuma ina alfahari. Amma in kin ga mai salla, kada ki ce rashin tambaya ne ya durƙusar da shi. Ba ki san abin da ya haƙa da hannunsa ba.

Ruwa ya zo bayan kwana tara. Ba ranar roƙo ba, ba ranar wa'adina ba, wata ranar kasuwa ce da la'asar, mutane suna tsakiyar ciniki. Balkisa, ban taɓa ganin murna irin ta ranar ba. Masu gishiri suna gudu da buhu a ka suna dariya. Mata suna guɗa. Kaka ya fito tsakar gida ba riga yana taka rawa da gwiwoyin nan nasa, Ranau ya zo wucewa Kaka ya jawo shi, tsofaffi biyu suna tsalle cikin laka kamar ƴan maruƙa. Mushe ya fito da lemar Madam, iska ta juya ta, ya yar da ita ya tsaya hakanan. Ni kuwa washegari na je gwangwani na tarar da shi da nauyi, na rubuta lamba ta gaskiya, Mushe ya sansana kwalbar don tsokana ya ce wannan ba fura.

Ba zan ce miki ruwan nan hujja ba ne. Kwana biyu kafin ya zo Mushe ya ce iska ta juya, ruwa ya kusa, kuma haka aka yi. Kaka ya ce Allah ne ya ji tausayinmu. Na dube su duka biyu, jiƙe sharkaf, ban ga dalilin da zai sa ɗaya ya zama maƙaryaci ba.

Saura kuskure ɗaya, shi kuma da babanki a ciki, don haka kada ki karanta masa. Bayan girbi Fulani suka sauka a gonar Kaka da shanunsu, su ci kara su bar mana taki, kamar kowace shekara. Cikinsu akwai wani siririn saurayi, ba gashin baki, ba jirgin ƙasa, Hausarsa ma a karye. Kowace safiya sai ya ajiye ƙwaryar nono a bakin zaurenmu, ya ce "kosam", wato nono da harshensu, ya juya. Girbi uku yana haka. Ni kuwa ina ciki ina jiran wasiƙa mai ƙamshin turare. Wallahi ban san yana yi don ni ba. Sai ran da Kaka ya shigo da ƙwaryar ya dire gabana ya ce: "Amarya, ga wasiƙar da kike jira. Shekara uku ana aiko ta, ki sha kafin ta yi tsami. Ni na sake ki, na gaji da kishi." Saura kaɗan in rasa mutumin da ya fi kowa sona, don bai yi magana irin ta littafi ba.

Na daɗe ina tunanin ko haka na yi wa Ubangiji: na tsaya sai ya amsa da harshen da na zaɓa masa, a ranar da na sa masa. Wannan tunanina ne, ban ce amsa ce ba. Abin da ya mayar da ni kan tabarma da zuciya ɗaya ba hujja ba ce. Ranar da aka haifi yayarki aka ɗora mini ita a ƙirji, godiya ta cika ni har ta yi mini yawa. Na gode wa ungozoma, na gode wa Innata, na gode wa babanki, ta ƙi ƙarewa. Na rasa inda zan kai sauran. Can na kai ta, kuma can nake kaiwa har yau. Amma zancen Sani har gobe ba ni da amsarsa. Zancen zauren da aka haife ni ma yana dawo mini wani lokaci ina tsakiyar tankaɗe. Ba zan tsiyaya miki ruwa a gwangwani ba, ɗiyata. Abin da ke cikin nawa ke nan, na nuna miki.

Sai dai ki yi hankali da inda za ki buɗe bakinki. Ba kowa ne Kaka Nomau ba. Akwai wanda zai ji rabin maganarki ya kai ta inda za ta cuce ki. Kada ki yi ta a cikin mota, kada ki yi ta don ki burge ƙawaye, kada ki yi ta don ki ƙona ran wani. Ki nemi malamin da tambaya ba ta sa shi zufa, akwai su, ki zauna ki tambaye shi har ki gaji. Ki karanta na waɗanda suka ce babu, ki karanta na waɗanda suka ce akwai, kada ki tsaya a littafi ashirin da tukunya ɗaya kamar uwarki. Babanki ban gaya masa ba, maganarki ce, ke za ki zaɓi ranarta. In ta zo kada ki ji tsoro da yawa. Mutumin da ya yi shekara uku yana ajiye nono ba a ce masa an gode ba, ya san jira.

A ƙasan jakarki, cikin tsumma shuɗi, akwai hatsi cikin tafin hannu. Irin Kaka ne, shi muke shukawa har yanzu. Ban san me za ki yi da shi a birni ba. Ki ajiye, ko ki zuba a gwangwani bakin taga, ko ki ba tantabaru. Ni dai na ga bai kamata ki tafi ba shi ba.

Yanzu zancen ƙwarya. Ba fushi ne ya kā da ita ba. Muryata na ji ta fito daga bakinki, da irin sanyin da na yi wa Kaka magana a gona, har karkata kan iri ɗaya. Dariya ta taso mini tare da kuka, na rasa wadda zan fara, hannuna ya saki. Ya kamata in dogara da sungumi in ce faɗi ina ji, sai kunya ta riƙe ni kwana uku. Wannan kuskure na biyar ne, sabo fil, ki yafe mini shi.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki rubuto mini. Ran da kika tabbata ki rubuto, ran da shiru ne ki rubuto, ko layi biyu ne. In hutu ya zo ki hau mota ki taho, ki zauna kusa da ni a tsakar gida ki ci tuwonki inda zan gan ki. Ni ba zan daina cewa Allah ya kai ki lafiya ba, bakina ya saba kuma zuciyata tana nufi. Ke ki amsa da abin da yake gaskiyarki. Amma ki ɗago ki kalle ni in za ki amsa.

Allah ya tsare mini ke a hanya da masauki, ya kare ki daga zazzaɓi da mugun aboki, ya buɗe miki karatu, ya dawo mini da ke da ƙafafunki. Babanki yana gaishe ki, ya ce kada ki sayi nonon birni, rabinsa ruwa ne. Na ce masa ya bar zancen ƙara ruwa a gidan nan.

Innarki,
Rakiya mai ruwa